Kano zuwa Jos da Yaya da keken aro

Tun daren jajibirin tafiya Yaya ya daina shan ruwa. Ban lura ba sai da asuba, da matarsa ta kawo mana shayi da ƙosai, ya ture kofinsa ya ce, "Ba Auta, ni na ƙoshi." Ta dube shi, ta miƙo mini kofin, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na shanye nawa na ɗora nasa, don hunturu ne, sanyi har cikin ƙashi.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shan inna ta kama shi yana ɗan shekara uku, ta shanye ƙafafunsa biyu. Na buɗi ido na same shi haka, saboda haka ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba. Da gyaran rediyo ya fara, yanzu shagon gyaran waya gare shi da yara huɗu a ƙarƙashinsa, kuma da kuɗin shagon nan aka yi mini karatu. Yana da babur da aka ƙera masa mai ƙafa uku, babu lungun da bai sani ba daga Kurna zuwa Hotoro. In ka ga yadda yake ratsa cinkoso a Ƙofar Wambai sai ka rantse mu masu ƙafa mu ne abin tausayi. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Abin da na daɗe da sani kawai shi ne ba ya son tafiya. Biki ko suna in ya wuce Kano, gudunmawa yake aikawa da gaisuwa. Wannan karon babu wannan hanyar. Baffanmu na Jos ya rasu bara waccan, za a ɗaura auren 'yarsa, Yaya ne babban namiji da ya rage a dangi, shi ne waliyyi. Babur ba zai yi kilomita wajen 300 ba, sai aka aro masa keke mai naɗewa, aka ce ni zan raka shi.

A tasha aka fara. Ina tura shi, ɗan kamasho ya tare mu, ya tsallake shi da ido ya dube ni.

"Ina za ka kai shi?"

Yaya ya ce, "Malam, ƙafa ce ba ni da ita, bakina yana nan. Jos za ni, shi kuma ni zan biya masa."

Yaron ya yi dariyar kunya ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji." Amma haƙurin bai hana shi cewa keken kaya ne ba, sai an biya kuɗin kaya. Yaya ya tambaye shi ko sauran fasinjoji an caje su kuɗin ƙafafunsu. Aka yi dariya, aka yi ciniki, daga ƙarshe dai sai da ya biya rabi. Ya kuma biya kujerun gaba guda biyu na Sharon ɗin don ya zauna shi kaɗai, tunda a baya ba shi da inda zai ajiye ƙafafun da ba sa matsawa da kansu. Kafin mota ta motsa, abin da ya kashe ya kusa ninka nawa sau uku.

Shigarsa mota kuwa ba ta buƙatar kowa. Ya kama hannun da ke saman ƙofa, ya ɗaga jikinsa da damtse ɗaya, ya faɗa kujera, sannan ya sa hannu ya ɗauko ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya jera su. Duka bai fi ƙiftawa uku ba. Yana cikin gyara babbar rigarsa, shadda ce sabuwa dal mai aiki har ƙasa, sai ga wata baiwar Allah ta zo wucewa, ta cusa masa ₦200 a hannu ta ce, "A yi mana addu'a." Ni ne na ji zafin abin, har na buɗe baki. Ya ɗan taɓa ni, ya ce mata, "Allah ya biya buƙata, Hajiya." Da ta wuce ya kira wani almajiri ya ba shi.

"In ka mayar mata ka ɓata mata niyya," ya ce. "Ba ta ga riga ba, keke ta gani."

Sai ƙarfe goma mota ta cika. Muna jira, 'yan rigakafin shan inna masu shuɗin hijabi suna bin motoci da 'yar kularsu suna ɗiga wa yara magani a baki. Yaya ya bi su da kallo. Yana tuna shekarar 2003 da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jita, har zuwa 2004 da aka dawo da shi, yana kuma sane da yara nawa a unguwarmu suka shigo layinsa a tsakanin. Yaron ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a 2014. A Borno aka ga na ƙarshe a ƙasar a 2016, sannan a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ya ce ran nan ya yi murna ƙwarai, amma ya lura da wani abu: da aka gama bikin korar cutar, sai aka yi kamar da ita da waɗanda ta taɓa aka kora tare.

Mun ɗauki hanyar Zariya, muka wuce Kura da shinkafarta, muka wuce Kadawa da Kwanar Gafan, kwandunan tumatir jajawur a bakin titi har ido ya gaji. A Kwanar Dangora muka karya hagu muka nufi Tudun Wada. Kusa da ni akwai wani mutum mai matsakaicin shekaru, da baƙin tabarau da farar sanda a naɗe a cinyarsa. Ban san makaho ba ne sai da wayarsa ta yi magana, ta karanto masa da Turanci, da ƙarfi, cewa an turo masa kuɗi kaza, saura kaza a asusunsa. Ya ce, "To, jama'a, kun ji abin da na mallaka, kada wanda ya nemi rance." Motar ta kwashe da dariya.

Malamin makaranta ne, mutumin Filato, ya je Kano wajen 'yarsa. A Gindiri ya yi karatu, makarantar makafin da mishan suka buɗe tun 1953, a can ya koyi rubutun makafi mai ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. Kafin mu shiga Dajin Falgore shi da Yaya sun zama kamar tare suka taso. Yaya ya ba shi labarin ƙwallon guragu da ya buga da ƙuruciya, wadda ake zama a kan katako mai 'yan tayoyi ana buga ƙwallo da hannu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988. Malamin ya ce shi ba matakala ba ce abokiyar gabarsa, kwata ce, buɗaɗɗiya a tsakiyar hanyar ƙafa, sai kuma mai shago da ya wayi gari ya kafa rumfa a inda jiya babu komai. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya nuna mana: ₦1,000 a miƙe, ₦500 an ninka ta biyu, ₦200 an ninka ta huɗu, don girmansu ɗaya ne, yatsa ba ya bambance su cikin sauri. Na tambaye shi wayar tana karanta Hausa. Ya ce tana karantawa, amma kamar Bature mai mura.

Mun isa Saminaka wajen ɗaya da rabi, direba ya ce a yi sallah a ci abinci. Shayi kofi biyu ya matsa mini, na ruga bayan gidan da ake biyan kuɗi. Matakala biyu ake hawa, ƙofar ƙarama, sai ka karkata kafin ka shiga. Ƙasan kuwa jiƙe yake sharaf, ruwa ne da abin da ba ruwa ba. Na naɗe ƙafar wando, na ɗage riga, ina taka gefe-gefe da kan takalmi. Ina tsaye a nan sai na tuno silifas ɗin da Yaya yake ajiyewa a aljihun bayan keke. Ba na ƙafa ba ne, a hannu yake sa su idan zai yi rarrafe a inda keke ba ya shiga. Na dubi ƙasan nan, na dubi tafin hannuna. A nan ne na gane shayin asuba, na kuma gane shirun matarsa.

Da na dawo na same shi yana hira da mai gasasshiyar masara, leɓensa ya bushe har ya tsage. Na ce, "Yaya, ko kurɓi ɗaya." Ya ce, "Sai Jos." Na kawo masa buta bakin mota ya yi alwala, don wurin alwalar dandamali ne mai tsawo. A ƙofar masallaci wani dattijo ya ce a bar keken a waje saboda tayoyin sun taka ƙazanta. Yaya bai yi musu ba, ya ce gaskiya ne. Sai dai tsakanin inda aka ajiye keken da bakin tabarma akwai taku biyar na caɓin ruwan alwala. Ya tattare shaddar ya soke a ƙugu, ya zura silifas a hannu, ya ratsa. Mutane suna ta "sannu, sannu," wasu suka kawo hannu za su ɗauke shi, ya ce a bar shi. Da aka sallame na ga gwiwar wandonsa ta jiƙe.

Daga Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara ɗora kansu a kan juna, iska ta sauya. Jos tana sama da Kano sosai, wajen mita 1,200 daga matakin teku, kuma a watan Janairu sanyinta ba ya wasa. Ta Mista Ali muka shiga, muka sauka kusa da Farin Gada. Malamin ya kama hannun Yaya ya daɗe bai saki ba, suka karɓi lambar juna.

Gidan Baffa ya cika da 'yan biki, sai muka nemi masauki. A nan Yaya ya ciro wani zare mai ƙulli biyu daga aljihu ya ba ni. Tun a gida ya auna faɗin keken da shi. Ya ce in shiga ko'ina kada in tsaya kallon gado ko talabijin, in wuce kai tsaye in auna ƙofar banɗaki. Masauki na farko duk ɗakunansa a sama suke. Na biyu yana da ɗaki a ƙasa, mai kyau, har da ruwan zafi, amma ƙofar banɗakin ta gaza zaren da kamar yatsu uku. Yaron da ke karɓar baƙi yana ta kallona ina miƙa zare a bakin ƙofa kamar mai neman sa'a. Na uku tsohon gini ne, fentinsa ya koɗe, amma ƙofofinsa manya ne kuma babu dokin ƙofa. Muka kama. Yaya ya shanye ledar ruwa uku a jere kafin ya cire hula.

Washegari Juma'a da safe yana son ya ciri kuɗi don goro da alewa da 'yan abubuwan da ba a rasa ba. Muka je wani banki. Abin mamaki, akwai gangaren keke a gefen matakala, an ma yi masa fenti. Na yi murna na kama turawa, kafin rabi na ji keken yana neman dawowa kaina. Gangaren ya miƙe tsaye kamar tsani, ga shi an shimfiɗa masa tayil mai santsi. Yaya ya ce ƙa'idar magina ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu, wannan ko huɗu bai kai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da mai gadi ya taimaka muka kai sama, sai ga tukunyar fulawa a daidai inda gangaren ya ƙare, bayanta kuma ƙofar nan ta tsaro mai kama da akwati, wadda mutum ɗaya yake shiga a tsaye. Mai gadin mutumin kirki ne, ya ce bari ya kira wani ya fito ya same mu a waje. Muka jira a rana kusan rabin awa. Daga ƙarshe Yaya ya ce mu tafi. A ƙarƙashin wata lema a bakin titi wata yarinya mai POS ta ba shi kuɗinsa cikin minti biyu, tebur ɗinta daidai ƙirjinsa.

Muna tafe ya ce, "Garin nan unguwa guda suka sa wa suna Gangare, amma ka ga gangaren da suka yi mana."

Na ce ai ya kamata a yi doka. Ya dube ni kamar yadda yake duban yaron shago da ya haɗa waya a juye. Dokar tana nan. Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna bambanci, in mutum ne tarar ₦100,000 ko wata shida a gidan yari ko duka biyun, in kamfani ne miliyan ɗaya. Ta ce a ware musu kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, a kuma fara sallamarsu a layi. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020, kuma tun 2024 wanda yake jagorantarta, Ayuba Gufwan, ɗan Filato ne da shan inna ta taɓa, wanda aka sani da ƙera kekunan guragu a nan Jos. Yaya ya haddace wannan duka kamar karatun allo. Ni da nake taƙama da digiri ban taɓa jin ko ɗaya ba, kuma na tabbata maginin da ya zuba gangaren can shi ma bai ji ba. An ce masa a yi, ya yi, ba wanda ya kira mai keke ya gwada.

Na tambaye shi wane suna ya fi so, tunda yanzu a rediyo "masu buƙata ta musamman" ake cewa. Ya ce ba ya ƙin sunan, ladabi ne, amma shi in an ce gurgu ba ya jin komai, Hausa ce. "Wace buƙata ta musamman gare ni, Auta? In shiga banɗaki, in shiga banki, in shiga masallaci. Kai ba ka buƙatarsu?"

An ɗaura aure bayan Juma'a a masallacin unguwarsu Baffa. Wannan masallacin ne ya ba ni mamaki, don ba wani babba ba ne. A ƙofar gefe akwai gangare na siminti zalla, doguwa, kwance, an ja mata layuka da ƙusa tun tana ɗanya don kada ta yi santsi. A samanta an shimfiɗa tsohuwar darduma inda ake goge taya, daga nan keke ya wuce har ƙarshen sahu. Yaya ya hau shi kaɗai, ban taɓa keken ba. Bayan an shafa fatiha ya tambayi ladan wa ya yi wannan tunani. Ya ce tsohon limaminsu ne ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya ƙi yarda ya daina jam'i, sai matasa suka yi karo-karo suka sayi siminti buhu uku da yashi. Liman ya rasu, gangare ya zauna. Ina tsaye na ƙirga tsofaffi shida da suka bar matakala suka bi ta nan, da wani mai sanda, da yaron da ya turo buhun goro a baro. Yaya da ladan suka shiga zancen Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda yake kiran sallah kuma aka sha barin Madina a hannunsa. A nan Yaya ya ba da auren 'yar Baffa, da muryarsa, ya karɓi sadaki ya ƙirga.

Walimar dare kuma a bene aka yi, hawa na biyu, babu na'urar hawa. Samari huɗu suka taso da murnarsu suka cicciɓe shi da keken gaba ɗaya, suna "a ba da hanya, a ba da hanya." Kowa ya juyo. Hularsa ta faɗi a tsakiyar matakala, wani yaro ya biyo mu da ita. Wannan halin namu ne kuma ba zan kushe shi ba, ba ka taɓa rasa mai ɗaukarka a ƙasar nan. Amma na ga fuskar Yaya a lokacin, waliyyin amarya, ana hawa da shi kamar buhun masara, ya kafe ido a silin yana murmushin dole. Lemon da aka ajiye masa bai buɗe ba, don ya riga ya tambaya, banɗakin yana ƙasa.

Da muka koma masauki na kasa barci. Na ce masa, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya yi shiru har na zaci ya yi barci. Can ya ce, "Gidanka matakala nawa ne a ƙofa?"

Uku ne. Ni na ce a ɗaga ginin saboda ruwan damina, kuma rabin kuɗin bulo shi ya bayar. Shekara huɗu da tarewata, sau biyu ya shiga: ran walima da ran sunan ɗana. Sauran lokuta a kan babur yake tsayawa a waje ya yi hon, in fito mu gaisa. Na daɗe ina ɗaukar abin girman kai ne na babban wa, har na taɓa yi wa matata ƙorafi.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kashe fitila."

Ran Lahadi muka juyo. Wannan karon ni ma ban sha shayi ba, ba don wani abin kirki ba, kunya ce ta hana ni. Wajen Tudun Wada kaina ya fara sarawa, harshena ya yi nauyi, shi kuwa yana ta ba direba labarin yadda ake gane batirin waya na jabu. Mun shiga Kano bayan la'asar. Tun daga Kura ya kira yaron shagonsa, muna sauka muka tarar ya kawo babur bakin tasha. Yaya ya dafa kujerar, ya yi tsalle ɗaya ya hau, ya jera ƙafafunsa a kan katakon da aka yi musu. Ya ce a naɗe keken a mayar wa mai shi da godiya. Ya sayi ruwa leda biyu, ya shanye ɗaya, ya jefo mini ɗaya, ya tayar da babur.

"Hau in sauke ka, Auta. Ka riƙe jakar da kyau, ba na tafiya a hankali."